Kai ya riga ido juyawa

Ɗana Sadiku na da shekara 5 uwarsa ta fara lura. In ka kira shi daga gefe, sai ya fizgo kai da ƙarfi har ya wuce inda kake, ya ƙifta, sannan idon ya biyo baya. Ga tangaɗi in yana tafiya. A gidan hayarmu na Agege a Legas kowa da tasa, wannan ya ce iska, wancan ya ce baki. Ni na tsaya a kan ciwon ido, don ƙananan jajayen jijiyoyi sun fito a farin idonsa. Na riƙa barin buhunan albasa a kasuwar Mile 12 ina yawo da shi wajen masu tabarau da maganin ɗigawa. Shekara guda, kuɗi na tafiya, ba sauƙi.

Wata likitar ido ce ta tsayar da ni. "Malam, idonsa lafiya lau. Umarnin da ƙwaƙwalwa ke ba shi ne ke makara." Ta tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa na yara a unguwar Idi-Araba.

Ranar yaro ya manne da uwarsa, ko ɗago kai ya ƙi. Bidiyon da na ɗauka a waya yana bin ƙwallo a tsakar gida shi ya yi mana rana. Sau uku likitan ya maimaita shi. Sai ya tambaya ko ni da maiɗakina 'yan'uwa ne. Raina ya ɗan sosu, gaskiya. 'Yar baffana ce. Da tun farko an yi mini tambayar nan, da ban ɓata shekarar ba.

Gwajin jini ya nuna sinadarin alpha-fetoprotein ya hau. Sunan cutar ataxia-telangiectasia, a takarda na riƙe shi sai da na haddace. Gadonta irin na sikila ne: uwa na ɗauke da ita, uba na ɗauke da ita, dukansu garau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Ba ta da maganin warkewa, sai motsa jiki da kulawa. An ja mana kunne cewa tari ba abin wasa ba ne gare shi, kuma kada a yi masa hoton X-ray sai dole, don haskensa na cutar da masu ita.

Karatu ya fi ba shi wuya, ido ba ya iya tsallakawa daga kalma zuwa kalma. Malaminsa na allo yanzu manyan baƙaƙe yake rubuta masa, yana bi da yatsa. Ni kuma na daina kiransa daga gefe, sai in zagayo in tsuguna a gabansa.