Katin awo biyu a hannun uwa ɗaya

Shekara 11 na yi a ɗakin awon yara kafin a mayar da ni wani sashe, kuma a cikin dubban katunan da suka bi ta hannuna akwai guda biyu da har yau ban manta da su ba. Uwa ɗaya ce ta miƙo min su tare, a ninke cikin leda. Ɗaya na 'yarta ce mai shekara biyu da wata huɗu. Ɗayan na yayan yarinyar ne, ɗan shekara huɗu da rabi, wanda ta taho da shi don babu wanda za ta bar wa shi a gida.

Na ɗora yarinyar a sikeli, nauyinta bai tayar min da hankali ba. Na naɗa mata tef ɗin nan mai launi uku a damtse, ya tsaya a kan kore. Da a nan na tsaya, da sai in sa hannu in ce su dawo wata mai zuwa. Allah ya sa ranar layi bai yi tsawo ba, sai na tsayar da ita a jikin allon awon tsayi. Tsayin 'yar shekara ɗaya da rabi na gani. Na ja fatar idonta ƙasa, fari fat, babu jini. Shi kuwa yayan, kumatu sun cika, wuya ya ninke, yana riƙe da kwalbar lemo da ya sha rabi, yana ta haki saboda 'yar tafiyar da suka yi daga bakin titi. Da na auna shi, alamarsa a kati ta haura can sama da inda ya kamata ta tsaya. Ita ma uwar tana da jiki sosai, ta kuma shaida min cewa tun bayan haihuwar yarinyar aka ɗora ta a kan maganin hawan jini.

"Malama, shi wannan ba ni da damuwa da shi, kin ga Allah ya ba shi jiki," in ji ta. "Ita ce dai ba ta son cin abinci."

Na ce, "Maman yara, me suka ci tun safe?"

Ta lissafa min: shayi mai suga da burodi, biskit a hanya, lemon nan da ke hannunsa wanda ƙanwar ma ta kurɓa, da rana kuma taliyar leda za ta dafa musu don ita ce mai sauri. Na tambaye ta yaushe rabonsu da ƙwai, ko wake, ko kifi, ko ganye. Ta yi shiru tana ƙirga kwanaki a zuci, ba ta kai ga amsa ba.

Daga tukunya ɗaya yaran nan biyu suke ci. Abincin da ya tsumbure ƙanwar shi ne ya kumbura yayan. Wannan ne abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in fahimta sosai, domin mu a makaranta rama aka koya mana mu nema. An koya mana cewa damtsen da bai kai santimita 11.5 ba ja ne, a garzaya da yaron. An koya mana danna bayan ƙafa mu ga ko yatsa zai bar rami, da duba gashin da ya yi ja ya yi laushi. Wannan ilimi ya ceci rayuka ba adadi, ni ma na ga yaran da aka kawo kamar ba za su kwana ba, suka tashi suka yi gudu. Sai dai idon da aka horar a kan rama kaɗai, in ya ga yaro mai kumatu sai ya ji sanyi a rai ya wuce. Ni ma na wuce da yawa irinsu, kuma abin yana damuna.

Ƙididdigar da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar tare ta nuna cewa a shekarar 2022 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 148 ne suka tsumbure, miliyan 45 suna fama da rama, miliyan 37 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. Mutane da yawa in sun ji wannan adadi na ƙarshe sai su ɗauka yaran Amurka da Turai ake nufi. Kusan rabinsu a nahiyar Asiya suke, sama da kashi ɗaya cikin huɗu kuma a Afirka. A watan Disamban 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa jerin bincike, wanda Barry Popkin na cikin jagororinsa, inda aka duba ƙasashe 126 masu ƙarami da matsakaicin samu, aka tarar 48 daga ciki suna ɗauke da matsalolin biyu, tamowa da ƙiba, a lokaci guda kuma da tsanani. Indonesiya ce mafi yawan jama'a a cikinsu. A Guwatemala kusan rabin yara ƙanana sun tsumbure, alhali ƙiba ta yi yawa a tsakanin iyayensu mata, sau da yawa a gida ɗaya, kamar dai matar da ta zauna a gabana. A watan Satumban 2025 kuma UNICEF ta sanar cewa a karon farko, a tsakanin yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19, masu matsananciyar ƙiba sun fi marasa nauyi yawa a duniya, kashi 9.4 cikin ɗari a kan kashi 9.2. Yankin Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya ne kawai ba su kai nan ba tukuna.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda yunwar jiya take haifar da ƙibar gobe a jiki ɗaya. A hunturun 1944 zuwa 1945, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Biyu, an toshe hanyoyin abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, mutane suka shiga yunwa mai tsanani na wasu watanni. Bayan shekaru masu bincike suka bi sawun samarin da aka haifa a wannan tsakani, suka ga waɗanda yunwar ta same su a farkon cikin uwayensu sun fi saura yawan ƙiba da suka kai shekara 19. Daga baya wani likita a Ingila, David Barker, ya tono tsofaffin littattafan da ungozomomi suka rubuta nauyin jarirai a ciki, ya bi mutanen har tsufansu, ya gano waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Shi da abokin aikinsa Nicholas Hales suka bayyana dalili a 1992: jaririn da bai samu isasshen abinci a ciki ba, jikinsa yakan ginu a kan tsimi. Tsoka ba ta yi yawa ba, gaɓoɓin da ke sarrafa suga ba su gama cika ba, duk abin da ya shigo jiki sai ya adana. In wannan yaro ya girma ya tarar da suga da mai sun yi arha a ko'ina, jikin da aka gina don fari sai ya rasa yadda zai yi da ambaliya. Kitse ya taru a ciki, ciwon suga da hawan jini su zo da wuri.

Da na karanta wannan sai na sake kallon uwar nan a zuciyata. Gajeriya ce ƙwarai. Mai yiwuwa ita ce yarinyar da ta tsumbure shekara 30 baya, yau ga ta da teɓa da hawan jini da ƙarancin jini a tare, tana haifar 'ya'yan da za su bi sawunta. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke nanata kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Tsayin da aka rasa a wannan tsakani da wuya ya dawo gaba ɗaya. In ka ɗura wa yaron da ya riga ya tsumbure abinci mai suga da mai bayan nan, faɗi zai yi ta yi.

Ba na yarda a ɗora wa uwaye laifin wannan. Na sha jin abokan aiki suna cewa jahilci ne, kuma raina yakan ɓaci. Matar nan tana fita aiki tun da sassafe, ba ta da firiji, makamashin girki yana cin kuɗi, wake yana son sa'o'i a wuta, taliyar leda kuwa minti biyar ta ishe ta. Biskit ba ya lalacewa, yaro ba ya ƙin sa, kuma yana rufe bakin mai kuka nan take. A jikin ledar an zana yaro mai ƙoshin lafiya, an rubuta cewa an ƙara bitamin. Kamfanonin sun kai kayansu lungunan da motar rigakafi take shan wahala kafin ta isa, sun kuma yanka su ƙanana yadda mai ɗan canji zai iya saya. Wani bincike da aka yi a kwarin Katmandu na ƙasar Nepal, aka wallafa a 2019, ya gano cewa yara 'yan wata 12 zuwa 23 suna samun kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin abincinsu, ban da nonon uwa, daga irin waɗannan kayan ƙwalam, kuma waɗanda suka fi cin su sun fi gajarta. Cikin yaro ɗan ƙarami ne. In ya cika da zaƙi, babu sauran wurin abin da zai gina ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa. Gwangwanin lemo guda na iya ɗauke da suga wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali tara.

Wasu ƙasashe sun taɓa kamfanonin kai tsaye. Meziko ta sa haraji a kan lemon zaƙi a 2014, Afirka ta Kudu ta bi a 2018. Chile, wadda ta yi nasarar kawar da tamowa sannan ta wayi gari da ƙibar yara, ta tilasta a 2016 a riƙa manna baƙin tambari a gaban duk abincin da suga ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta hana sayar da shi a makarantu, ta kuma hana tallata shi ga yara da hotunan zane. Tambarin nan ya fi burge ni, domin uwar da ba ta iya karatu ba ma tana gane baƙin tabo a jikin leda.

Ni dai abin da ke hannuna ɗan kaɗan ne, kuma shi na gyara. Na daina sallamar yaro ba tare da na auna tsayinsa ba, ko da layi ya kai waje. Na daina yi wa uwa barka don kawai nauyi ya ƙaru, sai na ga ya ƙaru tare da tsayi. In na ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, ina bayyana cewa kariya ce daga rama da ƙiba duka. In kuma an zo maganar abincin da za a fara ba shi, ba na karanto jerin abubuwan da na san ba za ta iya saya ba. Tambayarta nake yi me ke shiga gidanta a mako, mu zauna mu ga inda kuɗin lemo zai koma kuɗin ƙwai.

Haka muka yi da maman yaran nan. Na rubuta wa yarinyar maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki, na ce ta daina sa musu suga a shayi a hankali, kada yaron ya yi bore. Da na ce mata shi ma yaron yana cikin haɗari, ta dube ni kamar na zage shi.

"Haba Malama, yaron da kowa ke yaba wa?"

Na juya katinsa na nuna mata layin da yatsa, na ajiye na ƙanwar a gefensa, na ce ta duba inda kowanne ya kauce wa hanya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta daɗe tana kallonsu.

Ta dawo bayan wata uku. Fatar idon yarinyar ta yi ja, ta ƙaru da santimita biyu da ɗoriya, duk da haka tana nan ƙasa da layin sa'anninta. Nauyin yayan bai ragu ba, bai kuma ƙaru ba, wanda shi nake so ga yaro mai girma, kuma gorar ruwa ce a hannunsa. Da za su fita sai ta dawo ta rage murya ta ce min tana da shigar ciki na wata biyu, tana so in faɗa mata me ya kamata ita ta riƙa ci tun yanzu. Na ja mata kujera, na ce wa mai bi mata a layi ta ɗan yi min haƙuri.