Dutse na uku a murhu: zaman farko da ma'aurata

Kuskuren da mai koyon aikin ba da shawara ya fi yi a zamansa na farko da ma'aurata shi ne ya koma alƙali. Miji ya kawo ƙara, mata ta kawo nata, shi kuma yana lissafin wa ya fi gaskiya. Da zarar ya nuna ɓangaren da ya karkata, ɗayan ba zai sake dawowa ba. Aikinka shi ne ka gano yadda rigimar take zagayawa, da kuma mutanen da take bi ta kansu.

Murray Bowen, likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Georgetown a Amurka, ya lura cewa idan zama ya yi zafi tsakanin mutum biyu, sukan jawo na uku su sauke masa zafin. Kamar murhu ne, duwatsu biyu ba sa riƙe tukunya. A gidajenmu na Sakkwato dutsen na uku ba ya wuyar samu: uwar miji, kishiya, facala, ƙanwar miji da aka saki ta dawo gida, ko ɗan fari da uwa ke kai wa kukanta tun yana shekara goma. Matar da ba ta iya cewa maigida kuɗin cefane ba sa isa, sai ta huce a kan amarya. Mijin da ba ya iya cewa Inna ta bari, sai ya daɗe a majalisa har sha biyun dare. Ka kuma sani kai ma suna neman mayar da kai dutsen. Idan aka ce maka "Malam, kai dai ka faɗa masa," to an fara. Ka mayar da maganar inda ta fito: "Hajiya, ga shi nan zaune, faɗa masa ina saurare."

Kafin ka haɗa su, ka ga kowanne shi kaɗai na minti goma zuwa sha biyar. Ka tambayi matar kai tsaye ko akwai duka, barazana, ko hana ta fita asibiti, kuma ko tana jin tsoron abin da zai biyo baya idan ta yi magana a gabansa. Idan akwai, kada ka yi zaman haɗin gwiwa. Abin da ta faɗa a ofishinka da rana za ta biya shi da dare. Nan maganar tsaron lafiyarta ce da waliyyanta da hukuma. Haka idan ka ga alamar shaye-shaye mai tsanani, ko mai jego da ta daina barci da cin abinci tana maganar mutuwa, wannan na likita ne, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware bai yi nisa ba.

Idan hanya ta yi kyau, sai ka ɗauko farar takarda babba ka zana taswirar iyali, su biyun suna kallo. Namiji murabba'i, mace da'ira, aure layi a kwance tsakaninsu. Saki karan tsaye biyu a kan layin, wanda ya rasu a gicciye alamarsa. 'Ya'ya suna saukowa daga layin, babba a hagu. Ka haura aƙalla zuriya uku, har kakanni. Monica McGoldrick da Randy Gerson ne suka daidaita waɗannan alamomi a 1985, amma gidan da suka fi sani na mace ɗaya ne, don haka sai ka ƙara naka: ka sa miji a tsakiya, ka lambata matan bisa tsarin shigowarsu, ka rubuta shekarar kowane aure, ka ja layi biyu ga auren zumunci, layi mai ɗigo-ɗigo ga ɗan riƙo. Sannan ka kewaye duk waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. Wannan kewayen yakan faɗi abin da ba a faɗa da baki ba. Sau da yawa sai ka ga matar 'yar ƙanin uban mijin ce, wato duk yajin da ta yi ya zama rigimar 'yan'uwa biyu tsofaffi. Kada ka matsa mata ta ambaci sunan miji ko na ɗan fari, alkunya ce, rubuta "maigida" ka wuce.

Tambayar "me ya sa" tana jawo kare kai. Ka yi tambaya mai zagaye, irin wadda masanan birnin Milan na Italiya suka shahara da ita: "Idan Alhaji ya dawo daga kasuwa ya fara shiga wurin Inna, wa ke fara lura? Me take yi? Shi kuma sai ya yi me? Yaran suna ina a lokacin?" Bayan tambaya biyar ko shida za ka ga da'irar: tana ƙorafi saboda yana janyewa, yana janyewa saboda tana ƙorafi. Ka zana musu ita a takarda.

John Gottman na jami'ar Washington ya ware halaye huɗu masu rushe aure: sukar hali, raini, kare kai, da yin gum. Raini ya fi sauran muni, kuma a wurinmu ka san shi da tsaki, harara, da gori. Amma ka yi hattara da na huɗun. Shirun mace a gaban baƙo namiji yana iya zama kunya ko kawaici, ba gaba ba ce. Shi ya sa ya fi kyau mace mai ba da shawara ta zauna tare da kai idan da hali. Idan murya ta hau, numfashi ya sauya, ka tsayar da zaman. Gottman ya nuna cewa bugun zuciya in ya haura 100 a minti mutum ba ya jin magana, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Ka ce su je su yi alwala su sha ruwa, kowa gefensa.

Kada ka ɗauki dangi a matsayin matsala kawai. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ka tambayi kowanne wanda yake jin maganarsa, ka guji wanda shi ne dutse na uku. Lissafin saki da idda kuwa ba naka ba ne, ka tura su wurin malami ko alƙali.

Ka rufe zaman cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da aiki guda ƙarami wanda za a iya ƙirgawa. Misali, ranar girkinta su zauna minti sha biyar bayan isha'i, ba waya, ba maganar kishiya, ba aiken yaro da saƙo. Ka ce kowa ya ba zaman gidan maki daga 0 zuwa 10, ka rubuta, ka sa musu rana bayan mako ɗaya ko biyu, ka sake tambayar makin kafin komai.