Kwana goma sha biyu daga Madrid zuwa Lisbon

Kwana huɗu ke nan da dawowata, har yanzu tafin ƙafata na zogi saboda duwatsun da aka shimfiɗe lungunan tsofaffin garuruwan nan da su. Tafiyar ta ayari ce a Sifaniya da Fotugal a watan Mayu, mu talatin da 'yan kai a doguwar bas guda, da direba da wata mata mai yi mana jagora. Kuɗin da aka biya tun daga gida ya haɗa da otal, karin kumallo, mota da tikitin shiga manyan wurare. Abincin rana ba ya ciki, yawancin na dare ma haka. Akwai kuma wasu ƙananan fita da ake kira na ganin dama, ana karɓar kuɗinsu a cikin mota, sannan a ranar ƙarshe a zagaya da ambulan na ihsanin direba da jagora. Wanda bai karanta takardar kamfani da kyau ba, a nan lissafinsa ke rushewa.

Biza ɗaya ta Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ta isa ƙasashen biyu, amma a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema, mu ta Sifaniya ce. Kuɗinta Yuro 90 ban da ladan masu karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Samun biza bai sa an gama da kai ba. A filin jirgin da muka fara taka Turai, jami'in shige da fice ya juya koren fasfona kamar wanda aka miƙa wa abin ƙyama, bai amsa gaisuwa ba, ya ce in nuna tikitin komawa, da takardar otal na kowane dare, da kuɗin guzuri. Na buɗe waya, ya ɗaga min hannu ya ce takarda yake so. Allah ya sa na buga komai na sa a jaka. Wani bawan Allah da ke bayana, komai nasa a waya yake, cajinsa kuma ya mutu, aka ja shi gefe. Ku buga takardunku, ku kuma tafi da kan caja mai baki biyu zagaye, don namu mai baki uku ba ya shiga bangonsu.

Madrid ba ta riƙe ni ba. Toledo ce ta fara, garin da littattafan Larabci ke kira Ɗulaiɗila, a kan dutse, kogi ya kewaye shi ta ɓangare uku. Bas ba ta shiga, a ƙasa ake sauka a hau matakala mai tafiya da kanta. Jagorarmu ta nufi babban coci kai tsaye, sai da na tambaya ta nuna min hanyar wani ɗan masallaci da aka gina a 999, wanda bai fi faɗin zauren mai unguwa ba, amma rufinsa ƙubba tara ne, kowace da irin saƙarta. Kiristoci sun karɓi garin a 1085, daga baya aka mai da shi coci. Sana'ar garin ita ce dasa zaren zinariya a kan baƙin ƙarfe. Akwai aikin hannu, akwai na inji, kuma a shago ɗaya ake jera su. Na inji layukansa sun yi daidai ƙwarai, kowane faranti kamar ɗan'uwansa. Na hannu za ka ga 'yar karkata, kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Ciniki kuwa babu. Na taya kamar yadda ake yi a Kurmi, mai shagon ya nuna min takardar farashi da yatsa, cikin fara'a, shi ke nan.

Babban masallacin Kurɗuba (Cordoba) na zo gani, kuma awa biyu kacal jadawali ya ba shi. Wannan shi ne babban aibin tafiyar ayari: agogon na kowa ne, ba a yi shi don abin da ya kawo ka ba. Ana shiga ta farfajiya mai bishiyoyin lemo, inda a da ake alwala, sai ka faɗa cikin duhu mai sanyi, ginshiƙai sama da 850 sun jeru ko ta ina. Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginin wajen 785, da ginshiƙan da aka kwaso daga tsofaffin gine-ginen Rumawa. Da yake gajeru ne, sai magina suka ɗora bakan gizo a kan bakan gizo don rufin ya ɗaga, jan bulo da farin dutse suna bin juna. Dabarar rashin kayan aiki ce ta zama abin da duniya ke zuwa kallo. Mihrabin na zamanin Alhakam na Biyu ne, bayan 961, an yi masa ado da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, da ayoyi a rubutun Kufi. Na duba alƙibla a waya, sai na ga mihrabin kudu ya fuskanta, alhali Makka tana gabas maso kudu daga can. Jagorar ta tabbatar da haka yake tun asali.

A tsakiyar wannan dajin ginshiƙai ne aka fasa aka gina coci daga 1523, dogo, mai haske, ana ibada a ciki har yau. Ginin ya koma hannun Kiristoci tun 1236. Ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, masu gadi na lura da duk wanda ya tsaya ya fuskanci mihrabi ya daɗe. Na san da haka kafin in zo, amma sani daban, tsayawa a wurin daban. Abin da ya riƙa yi min yawo a rai shi ne yadda garin nan yake cikin karatunmu na zaure ba mu lura ba. Ruwayar Muwaɗɗa da ake karantawa a wurinmu ta Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Kurɗuba. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi a nan aka haife shi. Ƙurɗubi mai tafsiri sunan garin yake ɗauke da shi. Ba ɗaya daga cikinsu da jagora ta ambata, Ibn Rushdi kaɗai ta nuna mana mutum-mutuminsa a bakin ganuwa. Wanda zai kwana a garin ya sani cewa daga Litinin zuwa Asabar ana buɗe ƙofa kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe ga ɗaiɗaikun mutane, ba ayari ba. Na koma a wannan lokacin kafin bas ta tashi, wurin shiru, kuma shi ne awa mafi daraja a duk tafiyar.

Sai maganar ciki, wadda ta fi ba Musulmi wahala. Naman alade a Sifaniya ba a faranti kaɗai yake ba, cinyoyinsa busassu a rataye suke a saman kai a kusan kowane gidan abinci. Matsalar ita ce inda ba ka zata ba. Akwai wata miyar tumatir mai sanyi da kauri, salmorejo, da ake barbaɗa mata shi a sama. Ana sa shi a cikin wake da ganye, kuma kayan fulawa da yawa da kitsensa ake yi, sunansa manteca. Cewa ba ka cin nama ba ya wadatarwa, don wasu ba sa lissafa jamón, wato busasshiyar cinyar aladen nan, a cikin nama. Ka ce sin cerdo, sin jamón, wato ban da alade, ban da jamón, ka sake faɗa. Kifi, wainar ƙwai da dankali, da gasasshen ganye su suka riƙe ni. Mafi arha shi ne abincin rana na ƙayyadadden farashi, menú del día, kwano biyu da burodi da abin sha da kayan zaƙi, tsakanin Yuro 12 zuwa 15. Amma sai ƙarfe biyu ake fara shi, na dare kuwa sai tara. Ƙananan shaguna na rufewa da rana tsaka kamar Kano a watan azumi. Rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, Isha ta kusa sha ɗaya, ga tashi ƙarfe shida. Kasaru da haɗa salloli suka sauƙaƙa min. Dokarsu ta tilasta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, a wannan tsayawar nake haɗa Azahar da La'asar a gefen tasha. Buta babu a bayan gida, gorar ruwa ta zama dole a jaka.

Garnaɗa (Granada) ta fi kowane gari tsari da tsanani. Tikitin Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na garin, da sunanka yake, sai an haɗa da fasfo, kuma an rubuta lokacin da za ka shiga fadojin sarakunan Banu Nasr. Ka makara, an wuce da kai, ba roƙo ba sanayya. Wasu mata biyu a ayarinmu sun tsaya hoto a lambu, suka rasa shi gaba ɗaya. A ciki, bango duk sassaƙen farar ƙasa ne, ya tuna min da zanen gidajen Zariya, sai dai wannan ya fi ƙanƙanta da cunkoso, kuma jumla ɗaya ke maimaituwa ɗaruruwan sau: wa la galiba illallah, wato babu mai rinjaye sai Allah. 'Yan ayari suna ɗaukarta ado ne, da na karanta a bayyane sai suka kewaye ni suna nuna wasu wuraren in karanta musu. Abin da ya fi burge ni ruwa ne. Daga kogin Darro aka janyo shi ta magudana mai tsawon kusan kilomita shida, gangara kaɗai ke tura shi, har ya fito ta bakin zakunan dutse goma sha biyu a tsakar gida. A ranar 2 ga Janairun 1492 sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa makullan wannan wuri.

Da yamma na bar ayari suka tafi kallon rawa, na hau unguwar Albaisin da ƙafa. A can sama akwai masallaci sabo da aka buɗe a 2003, lambunsa na kallon Alhamra, bayanta duwatsu masu ƙanƙara. A nan na yi Magariba cikin jam'i, sahu ɗaya da Sifaniyawa da suka musulunta da 'yan Maroko da 'yan Senegal. Wani dattijo ɗan ƙasar, da ya ji daga Najeriya nake, ya riƙe hannuna har wani gidan shayi a gangare, ya sa aka kawo tajin na rago, ya hana ni taɓa aljihu. Ba mu da harshe ɗaya sai guntun Larabci. Shi ya tuna min cewa Assahili, wanda ya bi Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324, ɗan garin nan ne. A kusa da babban coci kuwa, akwai mata masu miƙa wa baƙo ɗan reshen ganye mai ƙamshi kamar kyauta. Ka karɓa, su kama tafin hannunka su yi maka duba, su nemi kuɗin takarda. Hannu a aljihu ake wucewa.

A Ishbiliya (Seville) hasumiyar Giralda ce abin hawa. An gama ta a 1198 a matsayin hasumiyar masallaci, yanzu ƙararrawa ke samanta. Kusan duk hawanta ba matakala ba ne, gangara ce mai zagayawa, har dabba na iya hawa. Lemon da ya cika titunan garin kada ka tsinka, ɗaci gare shi.

Mun shiga Fotugal ta kan gada, ba shinge ba tambaya, sai agogo da aka mayar baya da awa guda, ya yi daidai da na gida. Mutanen sun fi sanyin murya, kofi ya fi arha. Amma burodi da zaitun da cuku da ake ajiye maka kafin ka yi oda ba kyauta ba ne, abin da ka taɓa sai ka gan shi a takardar kuɗi. A wurinmu abin da aka ajiye wa baƙo ba a tambaya ba, an ba shi ne, don haka wannan ɗabi'a ba ta kwanta min ba har na baro. Abincinsu na alfahari bacalhau ne, kifi ɗaya da okporokon Sabon Gari, sai dai nasu da gishiri aka busar, ana jiƙa shi kwana ɗaya zuwa biyu ana sauya ruwa.

A kudu akwai gari mai suna Lagos, kuma Turawan Fotugal ne suka raɗa wa Legas tamu wannan suna. Gari ne na bakin teku, fari fat, cike da masu shan iska. A dandalinsa akwai ɗan gidan tarihi na kasuwar bayi, domin a garin ne a 1444 aka sauke mutane sama da ɗari biyu da aka kamo daga gaɓar Afirka aka raba su. Jagora ta faɗi haka cikin jumla biyu ta sallame mu cin abinci. Ni kaɗai na shiga daga ayarin.

Hanyar Evora duk itatuwan da ake yin murfin kwalba da ɓawonsu ne. Shekara tara-tara ake saɓule su, a rubuta lambar ƙarshe ta shekarar a jikin kututture da farin fenti. A garin akwai ɗakin ibada da aka jera bangonsa da ƙasusuwan mutane, na leƙa na fito.

Lisbon tudu ce da gangare. Taragon lamba 28 ya cika da 'yan yankan aljihu, jaka a gaba ake riƙewa. Babban masallaci yana kusa da Praça de Espanha, abincin halal kuma a Martim Moniz, wurin 'yan Bangaladash. Sintra, wani gari kusa da Lisbon, hazo ya rufe mana ita. Man zaitun na gwangwani na saya, ba na kwalba ba, na naɗe a cikin kaya na sa a babban akwati, don ba a barin sa a jakar hannu.