Taswirar da Manhaja ta Zana Mini, da Wadda Na Zana da Hannuna

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san Shehu Usmanu, ya san Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u tun kafin ya iya haɗa baƙi. Muna wucewa ta Hubbare, muna jin Degel da Gudu da Alkalawa a bakin manya. Amma ranar da aka ajiye maka takardar jarrabawa aka ce ka bayyana dalilan hijira da abin da ya biyo bayanta, sai ka tarar sunayen duk suna nan a kanka, sai dai a warwatse, ba ka san wanne ya riga wanne ba, balle wanne ya jawo wanne. Ni malamin firamare ne da na koma jami'a karatun tarihi da girmana, ga iyali ga aiki, lokacin karatuna bai wuce tsakanin isha'i da sa'ad da barci ya rinjaye ni ba. Ƙarancin lokacin nan ne ya kai ni ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, masu zana taswirar tunani.

Taswirar tunani ba sabon abu ba ce. Ka rubuta kan magana a tsakiyar takarda, ka fitar masa da manyan rassa, kowane reshe ka fitar masa da ƙanana, kalma ɗaya ko biyu a kan kowanne. Wani Bature ɗan Ingila, Tony Buzan, shi ya yayata ta a wani shirin talabijin na BBC a 1974. Abin da ya zo sabo shi ne yanzu manhaja ce ke karanta takardunka ta yi maka zanen kafin ka gama shan kofin shayi.

Wadda na fi amfani da ita NotebookLM ce ta kamfanin Google, wadda aka ƙara mata taswirar tunani a 2025. Na tara takardun darasin da muke turawa juna a zauren WhatsApp na ajinmu, na haɗa da abin da na rubuta a lakca bayan na buga shi a waya, na ɗora mata duka, na danna. Sai ga "Jihadin 1804" a matsayin tushe, rassa suna fita daga gare shi: halin ƙasar Hausa kafin jihadi, sarakunan Gobir, rayuwar Shehu, yaƙe-yaƙe, masu tuta, tsarin mulki. Na taɓa reshen yaƙe-yaƙe ya buɗe: Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, Alkalawa. Abin da ya fi burge ni, idan ka danna reshe sai ta yi maka bayani a kansa, ta kuma nuna maka daidai wurin da ta ɗauko maganar a cikin takardun da ka ba ta. Idan kana son wadda za ka riƙa matsar da rassa da kanka, akwai Xmind, kuma tana karɓar jerin kanun magana da ka sa ChatGPT ya tsara maka. Ni dai da zarar an zana sai in sauke hoton a waya, domin a watan Afrilu na Sakkwato, ga zafi ga wuta na zuwa tana ɗaukewa, ba kullum ake da caji da data a lokaci guda ba.

Amfanin farko da na gani shi ne na ga darasin gaba ɗayansa a fuska ɗaya. Takardu masu yawa da nake jin nauyin buɗewa suka koma rassa shida da zan iya riƙewa. Kuma shekarun suka zauna inda ya kamata: an haifi Shehu a Maratta a 1754, hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Tabkin Kwatto a Yunin shekarar, Alwasa a 1805, cin Alkalawa a 1808, Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya rasu a 1817. A da kowace shekara ita kaɗai nake ƙoƙarin riƙe ta, yanzu kowacce na da maƙwabta.

To amma akwai abin da zanen rassa ba ya nunawa, ko wace manhaja ce ta yi shi, kuma shi ne ainihin tarihi. Rassa suna gaya maka me ke ƙarƙashin me. Ba sa gaya maka me ya haifi me. Malam Abdussalami ne ya buɗe mini ido a kan wannan. A taswirata ya fito sau biyu, a wurare masu nisa da juna. Can ƙarƙashin dalilan hijira ga shi a Gimbana: almajirin Shehu ne da ya ƙaura da jama'arsa, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka musu ta kwashe mutane, da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel jama'ar Shehu suka kwance su, daga nan al'amari ya ƙazance har aka yi hijira. Can kuma a wani reshe dabam, ƙarƙashin mulkin Bello, ga Abdussalami a Kware ya yi tawaye bayan rasuwar Shehu, aka yaƙe shi. Mutum ɗaya ne. Wanda saboda shi wutar ta fara kamawa, shi ne kuma ya juya baya bayan shekara goma sha huɗu. Manhaja ta sa shi a wurare biyu kuma ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ja layin da ya haɗa su ba. Da na kwafi taswirar a kan babbar takarda na ja wannan layin da jan biro, sai tambayoyi suka taso mini da kansu: me ya ɓata masa rai, yaya aka raba ƙasa da muƙamai bayan nasara, wa ya ga an tauye shi? Daren nan na yi karatun da ban taɓa yin irinsa ba, don ina neman amsar tambayar da ni na yi ta. Tun daga nan duk taswirar da aka zana mini sai na nemi irin waɗannan layukan. Dokokin Sarki Nafata na hana rawani da lulluɓi da wa'azi suna reshen sarakuna, Gimbana na reshen hijira, alhali kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Akwai kuma manhajojin da ba sa neman takarda, ka rubuta kan magana kawai su zana daga abin da suka tara. Waɗannan sai da taka-tsantsan, musamman a tarihinmu. Wata daga cikinsu ta haɗe mini Attahiru biyu ta mai da su ɗaya. Ta ɗauki Sarkin Musulmi Attahiru na farko, wanda ya kara da Turawa a Giginya a Maris ɗin 1903 ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi a Yulin shekarar, ta cakuɗa shi da Attahiru na biyu wanda Turawa suka naɗa ya yi sarauta har 1915. Zanen ya yi kyau, launuka sun fito raɗau, babu wata alamar da za ta nuna maka akwai gyara. Wannan ya dame ni ƙwarai, don yaron da bai san komai ba haka zai haddace shi ya kai wa wani. Saboda haka ba na amincewa da reshen da ban ga tushensa a takarda ko littafi ba.

Maganar riƙewa kuwa, kawuna ne ya faɗi abin da ya zama ginshiƙin karatuna. Yana da makarantar allo a Mabera. Na nuna masa taswirar a waya ya duba ya jinjina kai, sa'an nan ya ce, "To ɗana, kife ta ka biya mini." Na ce, "Kawu, ai ga shi nan a rubuce." Ya ce, "A rubuce a allon wa? Mu nan yaro ba ya wanke allo sai ya kawo hadda da ka, kuma ko ya kawo, gobe sai ya yi tishi kafin a yi masa ƙari." Daidai wurin ke nan. Idan kana kallon taswira komai sananne ne a idonka, sai ranka ya raya maka ka iya. Gane abu idan ka gan shi dabam, tuno shi babu abin dubawa dabam, kuma na biyun ake nema a ɗakin jarrabawa.

Masu bincike ma sun gwada wannan. A 2011 Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na Jami'ar Purdue a Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun ba ɗalibai rubutun kimiyya, wasu suka zana taswirar ma'anoni da rubutun a gabansu, wasu kuma suka rufe shi suka rubuta abin da suka tuna, suka sake karantawa suka sake gwadawa. Bayan mako guda, masu rufewa su tuno suka fi cin maki. To, waɗancan da hannunsu suka yi zanen ma aka fi su, ina ga wanda na'ura ce ta zana masa, shi kallo kawai ya yi?

Ga yadda nake yi yanzu. Ina fara karanta takardar da kaina, ko da sama-sama ne, sannan in sa manhaja ta zana. In duba zanen da takarda a gefe, in gyara, in ja layukan haɗi. Daga nan sai in kife waya, in ɗauki farar takarda in zana taswirar da ka. Manyan rassa kan zo da sauƙi, ƙananan ne ke maƙalewa. Reshen masu tuta ya fi ba ni aiki: Sulaimanu a Kano, Ummarun Dallaje a Katsina, Malam Musa a Zazzau, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Adamawa, Ibrahim Zaki a Katagum. Duk wanda ya kufce sai in cike shi da wani launi, don washegari in san inda zan fara. Ina maimaitawa washegari, sai bayan 'yan kwanaki, sai bayan mako, ina ƙara tazara. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, daga baya ta lafa, shi ya sa tishin washegari ne ba na yarda ya wuce ni.

Abokan karatuna sun shigo ciki. Ranar Asabar mukan zauna a gindin dogonyaro, kowa da reshen da aka ba shi, ya zana shi a takarda babu waya, ya bayyana mana da Hausa ko da yake da Turanci za mu rubuta jarrabawar. Wanda bai fahimci abu ba, da ya zo faɗinsa da Hausa ake ganewa. Wata 'yar'uwa a cikinmu takan ɗauki hoton zanen kowa ta tura zaure, mu kwatanta da na manhaja, kuma sau da yawa namu ya fi yawan layukan haɗi.

Na kai abin ajina na firamare ma, ba tare da waya ba. Nakan zana taswirar darasin a allo da alli, mu bi ta tare, sai in goge rassa uku in kira yara ɗaya bayan ɗaya su mayar da su. Zango mai zuwa za mu shiga tarihin Borno da wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Bello da Shehu Laminu, na riga na fara tara takardun da zan ɗora.