Wuyana ne ya koya min ɗaukar kayan hoto

Lokacin da na fara bin maigidana aikin hoto, a tunanina wanda ya fi rataya kaya shi ya fi iya aiki. Kyamara a wuya da igiyar nan da ke zuwa cikin kwali, jaka a kafaɗar dama cike da lensi uku (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara), filasha, batura, caja, har da tarkacen da ban taɓa amfani da su ba, ina tafiya a karkace kamar wanda ya ɗauko jarka da hannu ɗaya amma ni jin kaina nake ai na zama ƙwararre.

Hawan Daushe ne ya sauke min wannan girman kan. Duk wanda ya san Kano ya san washegarin sallah sarki sai ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiya kafin ya zagayo Ƙofar Kudu, mu kuwa tun azahar muna tsaye cikin rana muna tsare waje kar wani ya ƙwace. Oga ya ba ni Canon 5D Mark III ɗinsa da doguwar lensi 70-200, kyamarar kusan kilo ɗaya ce lensin kuma kilo ɗaya da rabi, wato ka ɗaura ledar fiya wata biyar a siririyar igiya ka rataya a wuya wajen awa biyar. Kafin dawakai su fara jahi wuyana ya sage, in zan duba gefe sai na juya da dukkan jikina, ga igiyar ta jiƙe da gumi tana yankar fata. Hotunan da na ɗauka a ƙarshe rabinsu sun yi rawa don hannuna karkarwa yake. Oga ya duba ya ce, “Kai yaro, wa ya aike ka da lensi uku? Wanne ka canza a ciki?” Ko ɗaya ban canza ba, cikin wannan ƙurar ma wa zai buɗe kyamara.

Daga nan na koma jakar goyo. Bayana ya huta kam, don nauyin ya rabu kafaɗa biyu, in kuma ka ɗaure bel ɗin ƙugu sai ka ji kayan sun sauka a kwankwaso. Matsalarta jinkiri, a wajen kamu kafin ka sauke ka zuge zif an gama fesa wa amarya turare, sannan a cunkoson ɗaurin aure ba ka ganin abin da ke faruwa a bayanka sai dai ka juyo da ita ƙirji kamar mai goyon gaba. Yanzu aikinta kawai kai kaya daga gida zuwa wajen biki, a adaidaita sahu na ɗora ta a cinya.

Abin da ya raba min gardama wata igiya ce da na gani a intanet, tana hawa kafaɗa biyu ta gicciye a baya, kyamara na lilo a gefen ƙugu. Da na lissafa kuɗinta a dala sai na ɗauki hotonta na nufi wajen dukawa. Baduku ya kalli wayar ya ce, “Malam, ai wannan kayan doki ne,” muka yi dariya. Na ce ya faɗaɗa wajen kafaɗa kamar yatsu uku ya cusa soson katifa a ciki, ya yi ɗinki biyu. Wallahi ranar da na fara sa ta na yi wuni na yi dina na dawo gida ban nemi man zafi ba. Sai dai ba ta shiri da babbar riga, dole kaftani.

Ita ma ta so ta ja min asara. Kyamarar a ƙasa take maƙale, a ramin sukurun da ake ɗora ta kan sandar nan mai ƙafa uku, kuma lilon nan a hankali yake kwance sukurun ba ka sani ba. Wata rana ina durƙushe gaban iyayen ango sai ji na yi tim, Allah ya taimake ni kan kafet ta faɗa, murfin gaba kawai ya tsage. Tun ranar na ƙara wata 'yar igiya daga kunnen kyamarar zuwa kafaɗa, kuma duk sanda na tsaya shan ruwa sai na murɗa sukurun.

Yanzu in zan shiga fili kyamara ɗaya ce, lensi ɗaya a jikinta ɗaya a 'yar jakar ƙugu, batir biyu, memori a aljihun gaba, sai tsumma don ƙurar hunturu. Sauran kayan suna cikin jakar goyo wajen yaron da ke bina, shi kuma na lura kwanan nan ya fara rataya tsohuwar jakata ta kafaɗa ɗaya, wai ta fi kyau a hoto.