Kafa saiwar reshen fure da taimakon naman gwari

Reshen da zai mutu a tukunya daga gindi yake fara yin baƙi, kuma kusan kullum ruwa ne ya kwanta a wurin. Shi ya sa nake fara duba abin da zan soka reshen a ciki. Ƙasar lambu takan danƙare ta hana iska shiga. Ni dai ina haɗa zaren ɓawon kwakwa da falayit, farin dutsen nan mara nauyi, rabi da rabi. In babu falayit, yashi mai manyan ƙwayoyi da aka wanke ya wadatar. In na damƙi haɗin na matse, ɗigo kaɗan nake so ya fito.

Rassan furannin Hibiscus da Ixora nakan yanke su santimita 10 zuwa 15, daidai ƙarƙashin gaɓa, in cire ganyen ƙasa, in rufa musu leda a inuwa.

Naman gwari, wato ƙananan halittu dangin funfuna, iri biyu nake amfani da su, kuma kowanne da lokacinsa. Trichoderma tun ranar farko nake cuɗa shi cikin haɗin. Yakan riga masu ruɓar da gindi, irin su Pythium da Rhizoctonia, mamaye wurin, har ya far musu. Tun da na fara sa shi ruɓewa ta ragu mini sosai, amma fa a tukunyar da ruwa ke zurarewa. Inda haɗin ya jiƙe sharkaf, ban ga ya ceci komai ba.

Maikoraiza kuwa sai da rayayyar saiwa take rayuwa. Tana shiga cikin saiwar, ta miƙa siraran zaruruwa cikin ƙasa tana jawo wa shukar ruwa da fosforas, wani sinadarin abincin shuka, shukar kuma tana ba ta sukari. To, reshen da bai fitar da saiwa ba, me za ta kama? Don haka nake jira sai ranar sauya tukunya, in barbaɗa garin a jikin fararen saiwoyin kai tsaye. A nan na ga amfaninta: shukar ba ta cika yin yaushi bayan dashe ba.

Abu biyu nake kiyayewa daga nan. Ba na zuba takin zamani mai yawan fosforas, domin in shuka ta ƙoshi da shi ba ta sakar wa maikoraiza hanya. Maganin kashe naman gwari ma ba na kwarara shi a tukunyar, don da yawansu ba sa bambance mai cuta da mai amfani.