Hannuna yana neman madanni

Sati guda ke nan ina tuƙa sabuwar motar ƙanina, har yanzu hannuna yana laluben madannan da babu su. A tsohuwar motata in murɗa abin AC, in ji ya yi ƙas, idona bai bar titi ba. Jiya kuwa ana ruwa gilashi ya yi hazo, sai da na shiga shafi biyu a allon taɓawa kafin na samu iskar da za ta share shi. Wallahi gabana ya faɗi. Kujerun kam sun fi laushi. Na ji daɗi da Euro NCAP, ƙungiyar da ke gwada amincin motoci a Turai, ta ce daga 2026 za ta duba ko sigina, hon da waifa suna da madanni na hannu kafin ta ba mota taurari 5, wato makinta mafi girma.